TUWO BA YA JIN AGOGO

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Saboda haka ne tun kaka da kakanni ba mu taɓa rasa fagen gwada junanmu ba. 'Yan dambe da 'yan kokawa suna da dandalinsu bayan an kau da amfanin gona, manoma suna da gayya, masunta suna da Argungu, mahaddata kuma suna da musabaƙa. Amma akwai wani aiki guda wanda babu gidan da ba a yin sa safe da rana da dare, duk da haka ba a taɓa share masa fili a buga ganga a ce yau za a fid da gwani ba. Wannan aiki kuwa shi ne girki. Sai da akwatin talabijin ya shigo ɗakunanmu sa'an nan muka ga an jera tukwane a gaban alƙalai, an rataya agogo, an ajiye kuɗi da mota, an ce wanda ya fi iya dahuwa ya ɗauka.

Abin da nake so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a wannan fitowa shi ne mudun da ake awo da shi a irin wannan gasa. Na daɗe ina kallonta, ina kuma jin daɗinta, amma duk sa'ad da alƙali ya ɗaga cokali sai in tambayi kaina: da a ce matan da suka ciyar da ni tun ina cikin tsumma ne suke tsaye a gabansa, wane maki zai ba su? Amsar da na samu ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da tushen abin. An buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan a Ibadan cikin 1959. Namu na Kaduna ya biyo baya a 1962, a zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, kafin Gwamnatin Tarayya ta haɗe gidajen talabijin a hannun hukumar NTA a 1977. Girki ya daɗe da samun gurbi a cikinsu, amma da sunan darasi. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 ba za su manta da shirin Maggi Family Menu ba, inda ake nuna wa mata yadda ake haɗa abinci daki-daki. Ni ma na tarar da irin waɗannan shirye-shirye ina yarinya a gidanmu na Malali, cikin rukunin gidajen nan da ake kira Lokos. Da aka buɗe tashar AREWA24 a 2014, sai ga Akushi da Rufi yana koyar da girki da Hausa tsantsa.

Ita gasar kuwa baƙuwa ce. A Ingila aka fara shirin MasterChef a gidan BBC cikin 1990, domin mutanen da ba girki ne sana'arsu ba. A 1993 mutanen Japan suka fito da nasu, wanda duniya ta sani da sunan Iron Chef, inda ake ba manyan gwanaye awa ɗaya cur su sarrafa wani abu guda da ba a bayyana shi sai a fage. A 2008 BBC ta ware wa masu sana'ar reshensu dabam. Ostareliya ta ɗauki MasterChef a 2009, Afirka ta Kudu a 2012. A nan gida kuma, daga wajen 2013 aka shiga nuna Knorr Taste Quest daga Legas, zakara ya tafi da kuɗi da mota. Da tauraron ɗan'adam da wayar hannu suka yawaita, duk waɗannan suka iso Malali, suka zauna mana a tsakar ɗaki.

Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Za a tara mutum goma sha wani abu, kowa da murhunsa na gas da wuƙaƙensa. A ba su kayan da ba su zata ba, a ce an ba ku minti 45 ko awa ɗaya. Mai gabatarwa yana zagawa yana tuna musu saura minti kaza, kiɗa yana ƙara zafi, mai ɗaukar hoto yana neman wanda hannunsa ke rawa. Da an buga ƙararrawa kowa ya ɗaga hannu sama. Sa'an nan a kai wa alƙalai faranti, su duba, su kai loma ɗaya ko biyu, su yi sharhi. Wanda ya zo kashin baya ya tuɓe rigar girkinsa ya kama hanyar gida da hawaye. Haka za a yi ta zubar da ɗaya mako-mako har a kai ga zakara.

Kada mai karatu ya ɗauka na zo jifar gasar nan ne. Ta yi abin kirki, ya kuwa kamata a faɗa. Da farko dai ta sa an san mai girki da sunanta. A gidajenmu akan ci a sha a yi hamdala a tashi, ba a tuna cewa wata ce ta sha hayaƙi, sai fa ranar da gishiri ya zarce. Ina tune da yadda matan layinmu suka yi ta labarin Nadiya Hussain, Musulma 'yar asalin Bangaladash, wadda ta ci gasar gashin burodi da kek ta Ingila a 2015 da ɗankwalinta a ka, har aka ba ta aikin haɗa kek na cikar Sarauniya shekara 90 a 2016. Matar aure ce mai 'ya'ya kamar su, abin da ta iya a ɗakin girkinta shi ya kai ta fada. Na biyu, gasar ta rage wa maza kunya. A da, yaron da aka gani yana kaɗa miya a unguwarmu ya shiga uku da tsiyar abokai, yau kuwa ga samari suna neman abincinsu da tukunya ba wanda ya ce musu kanzil. Na uku, ta koya wa yara tsabta da tsari da awo. Zan dawo kan maganar awon nan, domin tana da muhimmanci.

Inda na fara rabuwa da gasar shi ne wajen rabon da take yi wa masu girki gida biyu: ƙwararru, watau masu takardar makaranta ko masu aiki a otal, da kuma 'yan sha'awa, watau sauran jama'a. Wannan rabo ya dace da ƙasar da aka ƙago shi. A ƙasar Hausa kuwa ya zo a kife.

Kaduna ta san aikin kuku tun da Turawa suka mai da ita hedkwatar Arewa a 1917, ta kuma ƙara saninsa da aka gina manyan masaukai irin su Hamdala da Durbar. A layinmu akwai wani dattijo, Allah ya jiƙansa, wanda ya fara wannan aiki yana saurayi a gidan wani Bature, ya ƙare a ɗaya daga cikin otal-otal na garin. Ya iya burodi, ya iya gashin kaza a tanda, ya san inda ake ajiye cokali da inda ake ajiye wuƙa a tebur. A mudun talabijin shi ne ƙwararre, ba kuwa a yi ƙarya ba. Amma da magariba tuwon dawar matarsa yake ci, bai kuma taɓa kusantar muciyarta ba. Mun taɓa tsokanarsa muna yara, muka ce, “Baba, kai da kake dafa wa Turawa, don me ba ka dafa wa gidanka?” Sai ya yi dariya ya ce, “Ni abincin mutum huɗu a kan tebur na iya. Abincin gida sai masu gida.”

To ga Goggo, yayar mahaifinmu, wadda ta dawo wurinmu daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau bayan rasuwar mijinta. An kai ta gidan gandu tana 'yar yarinya, ta yi shekara fiye da 40 tana tuƙa wa mutum ashirin da ɗoriya. Mu ce awa 4 kawai take yi a bakin murhu kowace rana, ko da yake kowa ya san ya fi haka. A shekara 40 ya kama awa 58,400. A watan Mayu na 2023 ƙasar nan ta ɗauka da murna da Hilda Baci ta yi awa 93 da minti 11 tana girki a Legas, har kundin Guinness ya rubuta sunanta, ta kuwa cancanci yabo. Amma da Goggo za ta cika takardar shiga gasa, a layin 'yan sha'awa za a sa ta, kusa da ɗan saurayin da ya koyi suyar ƙwai bara. Haka za a yi wa mai wainar bakin kasuwa, da 'yan tuwo-tuwon tashar Kawo, da mahaucin da ya gaji tsire da kilishi a ƙarƙashin Sarkin Fawa. Duk ba su da takarda, alhali kuwa su ne malaman abin.

Abu na biyu shi ne agogo. Gasar talabijin tana zaton girki yana farawa ne sa'ad da aka kunna wuta. Namu kuwa kunna wuta shi ne kusan ƙarshen aiki. Ɗauki tuwon dawa da miyar kuka, abincin da ake ganin ba wanda ya kai shi sauƙi. Sai an surfa dawa, an bakace, an wanke, an shanya, an niƙa, an tankaɗe. Sa'an nan a ɗora ruwa, a yi talge, a rufe shi ya nuna, a zuba gari a tuƙa, a sake rufewa ya sulala, kana a kwashe da mara. Wanda ya yi wa talge gaggawa zai ci ɗanyen tuwo, wanda ya hana shi sulala kuma da safe zai tarar ya saki. Ita kukar ganye ce da aka shanya aka daka aka tankaɗe tun da kaka. Daddawar da ke cikinta kuwa, kalwa ce da aka yini ana dafawa, aka cire mata ɓawo, aka wanke, aka sake dafawa, aka rufe ta kwana biyu ko uku har ta yi warin nan da ake nema, sa'an nan aka kirɓa aka shanya. Ƙullun waina sai ya kwana ya tashi kafin ya ga tanda. Kilishi sai ya sha rana, a tsoma shi a labu, ya sake shan rana, kana ya ga wuta. A cikin waɗannan duka, wanne ne zai shiga minti 45?

Abin da ke faruwa shi ne, duk abincin da bai iya gudu ba, ba a gayyatarsa fage. Sai a ga soyayyar shinkafa da taliya da kaza suna ta dawowa mako-mako, har yaro ya ɗauka su ne abinci, sauran kuwa maganin yunwa ne kawai. Mu da muka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, ga shi an kawo mana fagen da haƙuri ba ya da maki ko ɗaya.

Abu na uku, akwatin talabijin ba shi da hanci, ba shi da harshe. Ido kaɗai yake ciyarwa. Dole ne mai shirya gasa ya fifita abin da ke da kyau a hoto: ja da kore da ɗorawa, an tsara su a tsakiyar farin faranti, an bar gefe fili. Miyar kuka kuwa Allah bai yi ta don hoto ba. Haka faten tsaki da rama, haka ɗanwake, haka dambu. Darajarsu tana cikin ƙamshin man shanu sa'ad da ya sauka a kan miya mai zafi, da yadda loma ke wucewa ba gardama, da yadda manomi zai ci da safe ya kai azahar bai waiwayi gida ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da na'urar ɗaukar hoto za ta iya kamawa.

Ban san nauyin wannan magana ya kai haka ba sai da ta shigo gidanmu. Ƙanwata ta gama makarantar koyon girki, ta ji ana neman masu shiga wata gasa, ta ɗaura niyya. Ta yi makonni tana gwaji a kicin, ta kafa agogon wayarta a kan taga, tana yanka tana duba shi. Ran nan ta gama da saura minti uku, ta ɗauko farantin da ta yi wa ado da karas da koren tattasai, ta durƙusa gaban Goggo a kan tabarma.

“Goggo, ɗanɗana ki gaya mini gaskiya.”

Goggo ta yi bisimilla ta kai loma, ta tauna a hankali. Ta ce, “Ya yi daɗi, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Amma wannan na mutum nawa ne?”

“Na alƙali ne, Goggo.”

“To shi alƙalin ba shi da iyali?”

Muka yi ta dariya. Daga baya na tambaye ta abin da ya hana ta gwada abincinmu, ko da tuwon shinkafa ne da miyar taushe. Ta dube ni ta ce, “Haba Yaya, minti 45 fa. Kuma wa zai ba tuwo maki? Ai sai a ce daga ƙauye na fito.” Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. Yarinyar da aka yaye da kunun kanwa, ta girma da tuwo, ga ta tana jin kunyar a gan ta da shi a bainar jama'a. Ba wanda ya ce mata tuwo abin kunya ne. Ta dai lura ne ba ta taɓa ganin an tafa masa ba.

Ba a yi wata biyu ba matar yayanmu ta haihu. Ranar suna aka kafa duwatsun murhu a bayan gida, aka ɗora manyan tukwanen nan na haya da yaro zai iya ɓuya a ciki. Da yake ita ce mai takarda, sai mata suka ce a bar wa ƙanwata tukunyar taushe. Ta zuba kabewa da nama da kayan miya lafiya lau. Da aka zo kan gishiri da daddawa sai ta tsaya da cokali a hannu tana lissafi. Littafinta na mutum huɗu ne, a nan kuwa ana zancen mutum ɗari biyu, ga shi gishiri ba ya bin lissafin sau kaza, ga wutar itace ba ta da maɓallin ragewa. Goggo ta taso da sandarta, ta leƙa tukunya, ta tambayi tiya nawa aka jiƙa na waina. Da aka gaya mata sai ta sa hannu a gishiri ta watsa, ta ƙara rabin haka, ta marmasa daddawa, ta sunkuya ta shaƙi tururi, ta ce wa wata yarinya, “Ja itacen nan baya.” Ta koma tabarmarta. Miyar da har yau in an haɗu ana zancenta ke nan.

Da dare ƙanwata ta same ta ta ce, “Goggo, don Allah cokali nawa kika sa?”

Goggo ta ce, “Cokali kuma? Ido ba mudu ba, 'yar nan, amma ya san kima.”

A nan ne amfanin awon da na ambata a baya ya fito. Ilimin Goggo yana cikin hannunta da hancinta, ba ta kuwa iya ciro shi ta miƙa wa wani da baki. Ƙanwata ita ce ta san sikeli da rubutu. Tun daga ranar, duk sa'ad da Goggo ta ɗebo wani abu za ta zuba a tukunya, sai ta ce, “Tsaya Goggo,” ta tara ɗan sikelinta, ta auna, ta rubuta, har da yawan ruwa da irin wutar da kuma alamar da Goggo ke dubawa kafin ta ce ya yi. Goggo takan ce, “Yau ga ikon Allah, ana auna hannuna kamar zinariya.” Sun rubuta girki ashirin da 'yan kai kafin Allah ya karɓi abinsa da damina. Sun yi alkawarin in kaka ta yi za su yi daddawar batso, ta 'ya'yan yakuwa, wadda duk danginmu Goggo kaɗai ta rage da ta iya. Shafin yana nan da kan magana a sama, ƙasansa fari fat. Gasar dai ƙanwata ba ta samu shiga ba, don masu nema sun yi yawa. Yanzu tana dafa abincin biki a Malali da Unguwar Rimi, abin da aka fi nema a wurinta kuwa shi ne taushen Goggo.

Akwai kuma maganar mai ɗaukar nauyi, wadda bai kamata a tsallake ta ba. Shirin talabijin kuɗi yake ci, masu biya kuwa galibi kamfanonin kayan ɗanɗano ne. Maggi na kamfanin Nestlé ne, Knorr na Unilever. Sunan Julius Maggi, mutumin Suwizalan da kamfaninsa ya fito da dunƙulen nan a 1908, ya shiga bakinmu har ya zama kalmar Hausa, kowane dunƙule magi muke ce masa. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba in ya tallata hajarsa, don ba neman lada ya kawo shi ba. Sai dai tsohuwar da ke kasa daddawa a kasuwar Kawo ran Talata ba ta da kuɗin sayen minti ɗaya a talabijin. Haka mai kuka, haka mai man shanu. Abin da ba shi da mai tallarsa ba a ganinsa, abin da yara ba su gani ba kuwa ba za su nema ba.

Na ce a farko ba a taɓa share wa girki fili ba, amma wannan ba ya nufin ba mu da gasarsa. Muna da ita, a ɓoye take. Ita kalmar girki ma ai ta wuce dahuwa a bakin Bahaushe: in an ce yau wance ce da girki, kowa ya san abin da ake nufi, ya kuma san abokiyar zamanta tana lura da yadda kwanon maigida zai dawo. Da azumi kuma, da la'asar sakaliya, layukan Malali sukan cika da yara ɗauke da kwanuka, wannan gida ya aika wa wancan, kafin a sha ruwa kowace mace ta san hannun kowace. Ba agogo, ba mota, amma akwai hukunci, akwai kuma ma'aunai da kowa ya yarda da su. Ana duba auki, watau mudu ɗaya ya ciyar da mutum nawa. Ana duba tattali, watau me ta iya yi da ɗan abin da aka ba ta na cefane. Ana duba ko tuwonta yana kwana ya yi ɗumame mai daɗi. Ana duba ko baƙo zai faɗo bayan an kwashe ta san yadda ta yi ya ƙoshi ba wanda ya ji a jikinsa. Waɗannan su ne tambayoyin da rayuwar yawancin mutanenmu take yi wa mai girki kullum, musamman a wannan zamani na tsadar abinci. Ban taɓa jin alƙalin talabijin ya yi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Saboda haka shawarata ga gidajen talabijin namu na Arewa ita ce, in za su shirya gasa, kada su ari mudun wasu. A ba kowace mai gasa kuɗin cefane daidai wa daida, a sake ta a kasuwa ta yi ciniki da kanta. A fara daga tsaba, a ba da kwana biyu ko uku, mai ɗaukar hoto ya bi surfe da jiƙo da shanya, domin su ma abin kallo ne ga wanda bai taɓa gani ba. A ce ta ciyar da mutum ashirin. A zaunar da tsohuwa irin Goggo da mahauci da mai takardar makaranta a kujerar alƙalanci, kowa da bakinsa. A ajiye wani maki sai da safe, bayan an ɗanɗana ɗumame. Kafin kowace ta ɗora tukunya kuma, a tambaye ta wa ya koya mata, ta faɗi sunan a ji. Ina da yaƙinin masu kallo ba za su tashi ba, don kowa zai ga uwarsa a ciki.

Mu kuma 'yan Ƙungiyar Hausa muna da namu aikin, ba sai mun jira kowa ba. Muna yawan kukan cewa kalmomi suna ɓacewa, amma mun fi neman su a waƙa da karin magana, mun bar madafa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya taskace kalmomi masu ɗimbin yawa, sai dai ƙamus ba zai nuna maka yadda ake gane talge ya nuna ba. Ɗalibai nawa ne a cikinmu za su iya bambanta surfe da sussuka, ko bakace da tankaɗe, ko su faɗi aikin maburgi da na madambaci? Ranar da aka daina aikin, kalmar ma ta bi shi.

Hutu yana tafe. Ina roƙon kowane ɗalibi, mace da namiji, in ya koma gida ya nemi tsohuwar da ta fi kowa hannu a danginsu, ya zauna kusa da murhunta da littafi da alƙalami, in da hali da ɗan sikeli. Ya rubuta abin da ta zuba, da abin da ta ce, da sunan da take kiran kowane mataki da shi a karin harshen garinsu. In mun dawo mu haɗa, malamanmu su duba, mujallar nan ta riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan da sunayen masu su. Kada a ce sai kaka ta yi. Allah ya jiƙan waɗanda suka ciyar da mu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.